Yadda zaka zaɓi bindigar farauta mai saiti in harbin nesa kake so

Duk wanda ya tashi sayen bindigar farauta ta harbin nesa, tambayar da yake fara jefo maka ita ce "wacce tafi cin nisa?" kuma gaskiya tambayar nan bata kai mutum ko'ina, don kusan duk harsashin bindigar farauta na zamani in ka ɗaga bakinta sama zai wuce kilomita 3 kafin ya faɗo. Isa ba shi ne matsala ba, ina zai sauka in ya isa, nan ake yinta. Barewa matsakaiciya, wurin da ake son harsashi ya shiga wato huhu da zuciya a bayan kafaɗa, faɗinsa bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba, kuma harbi ɗaya ne dakai, bututu da sanyinsa, kana kwance a ƙasa ko ka jingina da dutse kana haki, iska na kaɗawa ta inda taga dama. Bindigar da zata saka wancan harbin na farko cikin wannan ɗan wurin yau da gobe da jibi, ita nake kira mai saiti.

In nace nesa ina nufin daga mita 300 zuwa kamar 500. Abinda ya wuce haka a ganina ya fita daga farauta ya koma gwajin harbi a kan dabba mai rai, zan zo kan dalilin.

Kafin komai, takardu. Lasisin mallakar bindiga daban, izinin farauta daban, kuma ƙasashe da yawa sun yanka mafi ƙarancin harsashin da za'a harbi kowane irin nama dashi. A Jamus misali, in aka cire ƙaramar barewarsu, doka tace kaurin harsashi kar ya gaza milimita 6.5 kuma ƙarfinsa ya kai jul 2,000 a nisan mita 100. A Ingila da Wels manyan barewa sai da harsashi mai kaurin inci .240 zuwa sama. Jihar Kalifoniya ta Amurka tun 2019 ta hana farauta da harsashin darma gaba ɗaya. Toh ka fara sanin dokar inda zaka yi farautar, kar ka kashe kuɗi ka sayi abinda baza'a barka ka shiga daji dashi ba.

Yanzu ga ma'aunin da zaka gani a duk tallan bindiga, MOA. Kusurwa ce, kashi ɗaya cikin 60 na digiri. A nisan yadi 100 tana ɗan ɗara inci ɗaya, a mita 100 kuma kusan santimita 2.9, sannan tana buɗewa daidai da nisa, wato a mita 400 ta zama kusan santimita 12, a mita 500 kusan 14 da rabi. In kamfani yace bindigarsa MOA ɗaya ce yana nufin harsasan da ka harba wuri ɗaya zasu taru cikin wannan faɗin. Tikka da Bergara da Weatherby duk suna bada irin wannan alkawarin, amma ka karanta ƙananan rubutun, yawanci harbi uku ake nufi, a kan benci wato teburin da ake ɗora bindiga don kar ta motsa, da harsashi mai tsada. Harbi uku kuwa ba shaida bane, ko bindigar da bata da kirki watarana zata yi sa'a ta tara uku wuri ɗaya mai ita ya ɗauki hoto ya rinƙa nunawa mutane. Goma a jere su ke faɗin gaskiya, kuma kar kayi mamaki in kaga wadda aka ce maka rabin MOA ce ta buɗe ta wuce ɗaya da ka kai harbi na goma, haka suke.

Ga wani lissafi da nake so ka zauna dashi kafin ka ciro kuɗi. Kuskuren bindiga da rawar hannun maharbi ba haɗasu ake kai tsaye ba, babban cikinsu shi ke rinjaye. Ace a daji hannunka na rawar MOA 2, wanda ba abin kunya bane ga mai harbi a kan jaka ko sanda. Da bindigar MOA ɗaya, harsasanka zasu bazu kamar santimita 26 a mita 400. Ka sayi ta rabin MOA da ninkin kuɗin, zasu dawo kamar santimita 24. Santimita 2 ka saya kenan. Amma ka bar bindigar MOA ɗayan nan a hannunka ka rage rawar hannunka zuwa MOA ɗaya ta hanyar yawan harbi da samun majingina mai kyau, sai ka dawo wajen santimita 16. Kaga inda ribar take. Shiyasa duk shawarar da zan baka daga nan zuwa ƙasa, kan abu ɗaya take, bindigar da zaka iya yawan harbawa ba tare da ta wahalar da kafaɗarka ko aljihunka ba.

Harsashi ake fara zaɓa, bindiga ta biyo baya

Abu uku kake nema a harsashin nesa. Ya ratsa iska da kyau, ya isa da sauran gudun da zai sa ya buɗe a jikin nama, sannan shurinsa kar yafi ƙarfinka. Na farkon akwai lambar da ake rubutawa a kwali, BC, duk sanda ta ƙaru harsashin yafi riƙe gudu kuma iska bata cika tureshi gefe ba. Dogayen harsasai sirara masu nauyi su ke da ita da yawa, shiyasa 6.5 da 7 na milimita suka yi suna a wannan harkar.

Bari mu ɗauki 6.5 Creedmoor wanda Hornady ta fito dashi a 2007, mu ga lambobinsa. Harsashi mai nauyin giren 143, kamar giram 9 da ɗan wani abu, yana fita da gudun ƙafa 2,700 a sakan. In ka daidaita saitinka a yadi 200, a yadi 300 ya faɗi kusan inci 8, a 400 inci 22, a 500 inci 44, wato fiye da mita ɗaya. Faɗuwar nan ba abin tsoro bace don lissafi ne, kullum haka take in ka san nisan. Iska ce annoba. Iskar gefe mai gudun mil 10 a awa, wadda bata wuce ta kaɗa ganye da ƙananan rassa ba, tana ture wannan harsashin kamar inci 15 a yadi 500, kusan santimita 40 kenan, ninkin faɗin wurin da kake nema. Kuma iskar da kake ji a fuskarka ba lallai ita ce a tsakiyar kwari ba.

Ga barewa da duk nama mai irin girmanta, 6.5 Creedmoor ya isa har ya yi yawa. Kakansa 6.5x55 tun 1894 yake aiki a Suwidin da Nowe kuma har yau dashi suke kada manyan namun dajinsu. .308 Winchester na 1952 shima ba laifi, ana samunsa kusan ko'ina, bututunsa na daɗewa, sai dai iska tafi tureshi kuma gudunsa yafi saurin karyewa, don haka ni a mita 400 nake tsayar dashi. .270 Winchester na 1925 da .30-06 na 1906 tsofaffi ne amma basu mutu ba, wanda yake da ɗaya mai saiti a gida bana ganin dalilin da zai sa ya canza. In nama mai girman gwanki ne zuwa sama, nan ne za'a fara maganar 7mm Remington Magnum na 1962, ko .300 Winchester Magnum na 1963, ko sababbin nan 6.5 PRC na 2018 da 7mm PRC na 2022 waɗanda tun farko an zanasu ne don dogayen harsasai. Sababbin suna da kyau a takarda da kuma a fili, amma ka tambayi kanka ko zaka rinƙa samun harsashinsu duk sanda kake so, don bindigar da babu abincinta ado ce kawai a bango.

Maganar buɗewa kuma, harsashin farauta an yishi ne ya baje in ya shiga nama, kuma baya bajewa sai da gudu. Yawancinsu suna buƙatar wajen ƙafa 1,800 zuwa 2,000 a sakan a lokacin da suka bugi nama, na tagulla zalla sun fi son ɓangaren sama. In gudu ya gaza haka sai ya huda ya wuce ya bar ɗan rami, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu inda baza ka ganta ba. Wancan 6.5 Creedmoor ɗin a yadi 500 yana da saura kamar ƙafa 2,000, kaga ya fara zuwa bakin iyaka. Wannan ɗaya ne daga cikin dalilan da yasa nace 500. Ɗayan kuma lokaci ne, harsashin na ɗaukar fiye da rabin sakan kafin ya isa can, barewar da ta ɗaga ƙafa tayi taku ɗaya a wannan tsakanin, harbin da ka auna huhu sai ya sauka a tumbi, kuma babu bindigar da zata gyara maka wannan. Kar kuma ka ɗauki harsashin gasa na harbin takarda kace dashi zaka yi farauta don kaga yafi taruwa, ba don nama aka ƙerashi ba.

Shuri, wannan shi ne wanda maza basa son a yi maganarsa. .300 Winchester Magnum yana dukan kafaɗa kusan ninki biyu na 6.5 Creedmoor in nauyin bindigogin ya yi kusa. Jiki kuma ba wawa bane, in ya sha duka sau ashirin zai fara karewa tun kafin dukan ya zo, ido ya rufe kafaɗa ta tura gaba yatsa ya fizgi kunama, duk cikin ƙiftawar ido kuma kai baka ma san kana yi ba don ƙara da shurin sun rufe komai. Ga yadda ake kama shi. Ka samu harsashin gwaji wanda babu albarushi a ciki, ka baiwa abokinka bindigar ya rinƙa ɗura maka ɗaya ɗaya kana juya baya, wani lokaci na gaske wani lokaci na bogi. Ranar da kunama tace ƙas babu ƙara, ka duba cikin madubin saiti da ke kan bindigar, in gicciyen cikinsa ya tsaya cak a inda ka ɗora shi toh lafiya, in kuwa kaga bakin bindiga ya yi nitso ƙasa kai kuma ka samu idonka a rufe, shikenan ka san inda harsasanka ke zuwa. Mutane da yawa da ke kukan bindigarsu bata da saiti wannan ce cutar, kuma maganinta rage harsashi ne, sayen wata babba ƙara ta yake. Birkin baki, wato ƙarfe mai ramuka da ake ɗaurawa a bakin bindiga, yana rage shuri sosai amma yana ƙara ƙara har ta wuce misali, harbin bindiga dama ya haura desibel 140 inda ji ke fara lalacewa, don haka abin toshe kunne dole ne har a daji. Salansa, wato abin rage ƙara da ake ɗaurawa a bakin bindiga, tafi daɗi, tana rage shuri da ƙara duka biyun, amma wasu ƙasashen sun halatta wasu sun haramta, sai ka duba.

Bututu

A cikin bututu akwai tsagi a murɗe da ke sa harsashi juyawa, kuma juyawar ce ke tsayar dashi kan hanya, kamar katantanwa, in juyin ya yi sanyi sai tangaɗi. Ana rubuta shi 1:8 ko 1:10, ma'ana harsashi na zagaye ɗaya a duk inci 8 ko 10. Harsashi in ya yi tsawo yafi buƙatar murɗi mai sauri. 6.5 Creedmoor da 7mm PRC da 1:8 suke zuwa, .308 ka nemi 1:10 in masu nauyi zaka harba, tsofaffin 7mm Remington Magnum suna wajen 1:9 da ɗan ɗori wanda baya isar mafi dogayen harsasan zamani, haka .270 mai 1:10. Ka duba wannan lambar kafin ka biya, in harsashi yafi ƙarfin murɗin zaka ga ramin da ya bari a takarda ya yi tsawo maimakon zagaye, alamar a karkace ya iso.

Tsawo bashi ke kawo saiti ba, gudu yake ƙarawa, kamar ƙafa 20 zuwa 30 a sakan kan kowane inci. Inci 22 zuwa 24 ya wadatar ga harsasai na yau da kullum, magnum kuma, wato manyan nan masu yawan albarushi, 24 zuwa 26 don albarushinsu ya samu wurin ƙonewa. Kauri kuma amfaninsa jure zafi. Siririn bututu yana iya saka harbi biyu uku na farko wuri ɗaya sarai, daga nan in ya ɗau zafi sai ya fara yawo, wanda a farauta ba matsala bace amma wajen atisaye zaka gaji da jiran ya huce. Matsakaici nake so. Masu nannaɗin kabon suna rage nauyi kuma suna da kyan gani, saiti dai basu ƙara komai a kan ƙarfe mai kyau ba. Sannan bututu yana cinyewa, a kiyasin masu harbi .308 na iya wuce harbi 5,000, 6.5 Creedmoor wajen 2,000 zuwa 3,000, manyan magnum kuwa wasu tun a 1,500 sun fara sakin saiti, wani dalilin kenan da yasa magnum ba abokin atisaye bane.

Nau'in bindiga ba sai an ja magana ba, mai sakata, wato wadda kake ja da hannu ka ɗura harsashi bayan kowane harbi. Tun Mauser ta 1898 tsarin nan yake, yana kulle harsashi daram iri ɗaya kowane lokaci, kayan motsi kaɗan ne a ciki. Masu sarrafa kansu akwai masu saiti amma sun fi nauyi da tsada kuma wurare da yawa an taƙaita farauta dasu. A cikin na kamfani waɗanda ba sai ka kai wa maƙeri ba, Tikka T3x da ake yi a masana'antar Sako a Finlan tana da sakata mai santsi da kunama mai kyau tun daga kwali. Bergara B-14 ta Sifen an yita a kan ma'aunin Remington 700 ta 1962, amfanin haka kuwa duk wata ƙota ko kunama ko mazaunin madubi da ake yiwa 700, wanda sun fi na kowa yawa a duniya, yawanci zasu hau kanta. Howa 1500 ta Japan ita ce dai ake sayarwa da sunan Weatherby Vanguard, tana da ɗan nauyi amma ƙarfe ne na gaske. Savage 110 tun 1958 ake yinta, ba kyakkyawa bace, sakatarta ma bata da santsin Tikka, amma tana harbi. Ko wacce ka ɗauka a nan, da wuya ita ce zata zama mai rauni tsakaninku.

Ƙota ita mutane ke rainawa alhali ita ke riƙe komai. Katako zalla yana sha danshi ya kumbura ya bushe ya motse, in ya motsa ya taɓa bututu saiti ya tafi. Roba mai arha kuma tana lanƙwasa, ka ɗora ta a kan ƙafafun nan biyu da ake maƙala wa bindiga a gaba ka danna sai ta taɓo bututun daga ƙasa. Abinda kake so bututu ya zama a sake, baya taɓa komai daga inda ya fito har baki. Gwajin ba wuya, ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka samu takarda ka naɗa ta ƙarƙashin bututu ka kama gefe biyu ka ja ta baya a hankali, ya kamata ta wuce sumul har kusa da gindin bututun, in ta cije a wani wuri toh nan ƙota ke taɓawa. Sai ka sake yi bindigar na zaune a kan ƙafafunta ko jaka kamar yadda zaka harba, don wata a hannu zata wuce amma da an ɗora mata nauyi sai ta cije. Ka kama gaban ƙotar ka matsa da yatsu, in ka iya haɗata da bututu ba wahala, ta yi laushi. Mai ƙarfen alminiyam a ciki inda jikin bindiga ke zama, ko mai ginshiƙai a ramin noti, ko katako mai hawa hawa da aka manne, ko faiba mai tauri, duk sun fi. Notin da ke haɗa ƙarfe da ƙota kuma a ɗaure su da sifana mai ma'auni daidai yadda kamfani ya rubuta, ba da ƙarfin damtse ba.

Sai dacewa da jikinka. Ka rufe ido ka ɗaga bindigar ka kwantar da kunci yadda ya maka daɗi sannan ka buɗe, in idonka bai faɗa tsakiyar madubi ba sai ka ɗaga kai kana lalube, toh mazaunin kuncin ya yi ƙasa, ka nemi mai ɗagawa ko ka ɗaura matashi.

Kunama ta karye tsaf ba ja ba jan ƙafa, nauyinta tsakanin kilo 1 da 1 da rabi. Ƙasa da haka na benci ne, a daji da yatsa mai sanyi ko safar hannu zata tashi kafin ka shirya. In mai gyaruwa ce ka rage ta, ka gwada ba harsashi, ka rufe sakata da ƙarfi ka buga gindin a ƙasa a hankali ka ga ko zata saki da kanta, in ta saki ka mayar da ita ko ka kai wa gwani. Nauyin bindiga duka da madubi wajen kilo 4 zuwa 4 da rabi shi ne tsaka tsaki, mara nauyi daɗin ɗauka gareta amma tafi rawa kuma tafi shuri.

Madubi

In kuɗinka ƙayyadadde ne gara matsakaiciyar bindiga da madubi na kirki da ka yi akasin haka, araha bata ado a nan. Kuma ba girman zuƙowa ake bi ba, 3-15 ko 4-16 sun ishi mita 500, in ka cika zuƙowa filin da kake gani ya matse, dabba ta matsa ka nemeta ka rasa, bayan harbi ma baza ka ga inda ya sauka ba. Abinda ake biya shi ne in ka murɗa ya tafi daidai inda aka rubuta, in ka dawo ya dawo, kuma ya riƙe saitinsa bayan ya sha jijjiga a mota. Ka zaɓi MOA ko mil, shima mil ɗin nan ma'aunin kusurwa ne ba na nisan tafiya ba, mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100 don haka ga mai lissafi da mita yafi sauƙi, amma ko wanne ne ka tabbatar layukan cikin madubin da abin murɗawar yarensu ɗaya. Masu FFP, wato waɗanda layukansu ke girma tare da zuƙowa, layukan na aiki daidai a kowace zuƙowa, masu SFP kuma da layukansu basa canza girma sai a zuƙowa ɗaya yawanci ta ƙarshe, in zaka rinƙa riƙe iska da layuka FFP yafi kwanciyar hankali. Ka nemi mai abin murɗawa a gefe na gyaran faralaks, in ba'a gyara shi ba kana motsa kai kaɗan gicciye na yawo a kan abin harbi. Da kuma mai birki a sifili, don ka dawo saitinka na asali ko a duhu. Mazaunin madubin nan mai gangaren MOA 20 da ake ta tallatawa baka buƙatarsa, a yadi 500 abinda zaka murɗa da harsashi irin 6.5 Creedmoor yana wajen MOA 10 ko mil 3 ne kawai. Zobba dai ka sayi masu kyau, ka ƙara ɗan ma'aunin ruwa a jikin madubi, don karkata bindiga digiri 5 kawai yana kai harsashi gefe fiye da santimita 10 a wannan nisan.

Na'urar auna nisa ta leza ba zaɓi bace. A wajajen yadi 500 kuskuren yadi 25 yana kai inci 6 sama ko ƙasa, ido kuma yana kuskuren da yafi haka ba tare da ya sani ba. Ka samu mai lissafa gangare, don harbi sama ko ƙasan tudu yana sa harsashi sauka sama da inda ka zata, mita 400 a gangaren digiri 30 faɗuwarsa kamar ta mita 346 ce. Gudun da aka rubuta a kwali kuma na bututun kamfani ne, naka daban, ka auna da na'urar auna gudu ko ta aro ce sannan ka saka a manhaja irin Hornady 4DOF ko Applied Ballistics tare da zafi da tsayin wurin, don iska mai zafi ko ta saman dutse bata da kauri, harsashi yafi tafiya a miƙe a cikinta.

Da ka kawo ta gida, ka sayi harsashin farauta kala uku ko huɗu kwali ɗaya ɗaya, don kowane bututu da wanda yake so ko da kamfani ɗaya ya yi su rana ɗaya. Ka harba kowanne a mita 100 a kan jaka gaba da baya, biyar biyar sau biyu kana barin bututu ya huce. Wanda ya yi nasara ka koma ka sayi da yawa masu lambar rukuni ɗaya, tana jikin kwali. Sai gwajin madubi, ka ja layi a tsaye a doguwar takarda da igiya mai nauyi a ƙasa don ya miƙe, ka harbi ɗigo a ƙasan layin daga mita 100 cif, ka murɗa mil 3 sama ka sake auna ɗigon nan dai, ramukan su fito santimita 30 a sama kuma a kan layin. In 28 ka gani ko sun kauce gefe, gara ka sani yanzu.

Daga nan ka bar benci. Ka yanka takarda ko ka rataye ƙarfe mai faɗin santimita 20, ka tabbatar akwai tudun ƙasa a bayansa da zai tare harsashi, ka harba daga yadda zaka harba a daji, a kwance da jaka, a zaune da sanduna, harbi ɗaya da bututu mai sanyi a ranaku daban daban har da masu iska, kana rubutawa. Nisan da kake samun 9 cikin 10, shi ne nisanka da wannan bindigar, in 320 ne toh 320 ne ko da kwalin harsashin yace 800. Ka lura ko harbin farko bayan wanki yana sauka daban da sauran, bindigogi da yawa haka suke, in taka na ciki ka harba biyu uku bayan ka wanke ka barta haka har ka dawo daga farauta.

In ta hannu zaka saya, wuri biyu zaka duba da kyau. Na farko gefen baki inda harsashi ke rabuwa da bututu, ka zagaya audugar kunne a hankali a bakin ramin, in ta kama zare ko kaga ɗan lotsawa to iskar albarushi zata rinƙa fita ta gefe ɗaya tana ture harsashi, wannan maƙeri na gyarawa ba tsada. Na biyu maƙogwaro, daidai gaban inda kwanso ke zama, nan wuta ke ci, sai da ƴar kyamarar da ake zurawa cikin bututu ake ganinsa sosai, in ya tsattsage tsagin ya shafe na tsawon inci ɗaya ko biyu toh ka saka kuɗin sabon bututu a lissafinka ko ka bar masa kayansa. Ka duba tsatsa a ƙarƙashin ƙota, ka duba lambar jikin bindiga ta yi daidai da ta takarda, sannan ka roƙi mai ita ku je fili ka harba biyar da hannunka kafin kuɗi su fita.